Gireba da Kitsen Hanta: Gyaran Kayan Marmari Domin Mai Lalura



Hanta tana da matsayi a bakin Bahaushe tun kafin likitan zamani ya zo da wuƙarsa da madubinsa. In aminci ya yi ƙarfi tsakanin mutum biyu, sai a ce sun zama hanta da jini. In tsoro ya kama mutum farat ɗaya, sai a ce hantarsa ta kaɗa. Amma duk da wannan girma da harshe ya ba ta, kaɗan ne suka san aikin da take yi, ba a kuwa cika tunawa da ita ba sai ran da ta gaza. Maganar yau a kan wata cuta ce da ke kama ta a ɓoye, watau taruwar kitse a cikinta, da kuma wata tambaya da kan taso a gidan da likita ya ce maigida ko uwargida na ɗauke da wannan lalura: shin an yi ban kwana ke nan da gireba da biskit da sauran kayan shan shayi, ko kuwa akwai yadda za a gasa su har mai lalura ya taɓa ba tare da ya cuci kansa ba? Tambayar ta yi kama da ƙaramar maganar madafa, amma ba ta amsuwa sai an bi da ita ta ɗakin binciken likitoci.

Hanta ita ce mafi girma cikin kayan ciki. Nauyinta a jikin baligi ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, tana kwance a dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji ba ya zagaya jiki sai ya ratsa ta cikinta tukuna, saboda haka ma'aikacin gwamnati zai gane ta in aka ce ita ce ofishin kwastan na jiki kuma ita ce baitulmalinsa: ta tace abin da ya shigo, ta ajiye rara, ta fitar a lokacin bukata. Lafiyayyar hanta ba ta riƙe kitse sai ɗan kaɗan. In ya wuce kashi 5 cikin 100, likitoci suka ce an shiga cuta. A wajen yawancin mutane abin kan tsaya nan shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi, sai dai a gano shi a hoton ciki da aka ɗauka domin wata bukata dabam. A wajen waɗansu kuwa kitsen kan jawo kumburi, kumburi ya bar tabo, tabo ya yi ta ƙaruwa har hanta ta taurare ta motse, daga nan ƙofar sankarar hanta ta buɗe. Har ila yau, abin da ya fi kashe masu wannan lalura shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, domin cutar tafiyarsu ɗaya da teɓa da ciwon sukari da hawan jini. Wani babban nazari da Zobair Younossi da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu na manyan duniya na ɗauke da ita.

Akwai wani ɓangare na tarihin cutar da ya shafi mutunci. Da can likitoci sun san kitsen hanta a matsayin alamar mashayi, har ya zama in maras lafiya ya rantse bai taɓa kurɓar giya ba, sai a ɗauka kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya. A 1980 Dokta Jurgen Ludwig da abokansa na asibitin Mayo a Amurka suka bayyana labarin mutum 20, yawancinsu mata masu jiki, waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha, suka raɗa wa cutar suna mai ma'anar kumburin hanta mai kitse wanda ba na giya ba. Wannan ya wanke mutane da yawa daga zargi. Dattijon da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, in aka gaya masa yana da kitsen hanta, kada ya ɗauka an ci masa fuska. A 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da Turai da Latin Amurka suka sake wa cutar suna, ana taƙaita shi da haruffan MASLD, suka cire ambaton giya daga ciki, suka danganta ta da tangarɗar yadda jiki ke sarrafa abinci.

To, daga ina kitsen ke zuwa? Masu kiwo sun san amsar tun kafin masana. A kaburburan Sakkara na ƙasar Masar akwai zane-zanen da suka haura shekara 4,000, suna nuna ma'aikata na yi wa dinya ɗurar hatsi don ta yi ƙiba. Rumawa suka gaji sana'ar, su kuwa da busasshen ɓaure suke ɗurar, suna kiran hantar da ta kumbura iecur ficatum, watau hanta ta ɓaure. Da tafiya ta yi tafiya sai kalmar hantar ta faɗi, ta ɓauren ta zauna, ita ce ta zama foie a Faransanci, fegato a Italiyanci, hígado a Sifaniyanci. Ashe duk Bafaranshen da ya ambaci hantarsa, ɓaure yake ambata bai sani ba. Har yau a Faransa da dafaffiyar masara ake ɗurar agwagwa, hantarta ta ninka girmanta sau da yawa cikin kwanaki kaɗan. Abin lura shi ne, ba kitse ake ba tsuntsuwar ba, hatsi ne da zaƙi, hantar ce da kanta ke juya su zuwa kitse. Bahaushe kan ce ana yi wa rogo kallon kitse, yana nufin an ruɗu da kama. Amma a cikin hanta, rogon da ya yi yawa kitsen yake komawa da gaske.

A 2005 masu bincike a Jami'ar Minisota suka bi diddigin kitsen da ke hantar masu wannan cuta. Suka tarar wajen kashi 59 cikin 100 ya gangaro ne daga kitsen da ke jibge a sauran jiki, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi daga sukari da abinci mai gari, kashi 15 kaɗai ne ya zo kai tsaye daga maiƙon da aka ci. Wannan lissafi shi ne ma'aunin da za a ɗora gireba a kai.

Gireba baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Sunanta daga Larabci ne, ghurayba, kamar yadda alkaki ya fito daga al-ka'k, alkama daga al-ƙamh, sukari daga sukkar, wanda su ma Larabawa daga Farisa suka karɓo shi, Farisawa kuma daga Indiya. Kayan haɗinta uku ne, fulawa da mai da sukari, sai riɗi da ake barbaɗawa a ka. Haka kuma biskit ɗin Turawa yake: tsohon ma'aunin mutanen Sikotlan shi ne awo ɗaya na sukari, biyu na bota, uku na fulawa. Ko wanne cikin ukun nan yana da aikin da yake yi a tanda, yana kuma da aikin da yake yi a hanta, mai gyara kuwa sai ya san duka biyun.

A fara da sukari, domin a nan aka fi yin kuskure. Farin sukari rabi gulukos ne, rabi furuktos. Gulukos kowace gaɓa ta jiki tana ƙona shi, amma furuktos in ya zo da yawa a lokaci guda, hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, ta kuwa fi saurin mai da shi kitse. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan samari 40 masu wannan cuta, 'yan shekara 11 zuwa 16. Rabinsu aka sauya abincin gidajensu baki ɗaya da wanda ba a ƙara wa sukari ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, na tsawon mako takwas. Kitsen hantarsu ya sauka daga kashi 25 zuwa 17, na sauran rabin kuwa bai motsa ba sai daga 21 zuwa 20. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, watau wajen giram 50 ga baligi, in da hali ma a tsaya a giram 25, kimanin ƙaramin cokalin shayi shida.

Kuskuren shi ne na sauya suna. Uwargida ta ji an hana maigida sukari, sai ta koma zuma, ko mazarƙwaila, ko ruwan rake, ranta ya kwanta cewa ta koma na gargajiya. Niyyarta kyakkyawa ce, amma hanta ba ta jin Hausa balle Larabci, abin da ya iso gare ta shi take aiki da shi. Mazarƙwaila sukarin rake ce da ba a tace ba, furuktos ɗin cikinta kusan daidai yake da na farin sukari. Zuma, duk da darajar da take da ita a addini da al'ada, furuktos ɗinta ma ya ɗara gulukos ɗinta yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta lissafa ta tare da ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da za a taƙaita. Dabino ya ɗan fi, domin yana zuwa da ɓawonsa da tsokarsa waɗanda ke rage gudun zaƙin zuwa jini, amma wajen kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, saboda haka shi ma sai an auna. Ruɗin suna ba a madafar Hausa kaɗai yake ba. Biskit ɗin nan da ake kira Digestive, wanda kamfanin McVitie's ya fara yi a Edinbara a 1892, ya sami sunansa ne daga zaton mutanen wancan zamani cewa sodar da ke ciki tana taimakon narkewar abinci. Ga sunan nan har yau, amma biskit ne mai sukari da mai kamar 'yan'uwansa. Game da ƙwayoyin zaƙi na kanti waɗanda ba sukari ba, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da su wajen rage ƙiba. A tanda ma ba sa ba da launi da laushin da sukari ke bayarwa.

Hanyar da ta tabbata ita ce ragewa. Sukari a ƙwaɓi shi ke sa gireba ta yi ja, ta yi taushi, ta jima ba ta bushe ba, amma ana iya zare kashi ɗaya cikin uku ba tare da an ga bambanci mai yawa ba, a kuma kai rabi sannu a hankali in an cike gurbin da ƙamshi: citta, kanumfari, kirfa, ɓawon lemo da aka goga, da soyayyen riɗi. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abin da aka saba ci a da ya koma yana gundura.

Sai mai. A nan akwai gwajin da aka yi da kayan gashi kai tsaye. A Jami'ar Upsala ta ƙasar Suwidin aka ɗauki matasa 39 masu lafiya, aka ƙara musu ƙananan kek a kan abincinsu na kullum har mako bakwai, da gangan don su yi ƙiba. Kek ɗin iri ɗaya ne ta kowace fuska ban da mai: na rukuni ɗaya da man kwakwar manja aka yi, na ɗayan da man irin furen sanfulawa. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna duka rukunin biyu sun ƙara nauyi daidai, wajen kilo 1.6, amma masu cin na man kwakwar manja kitsen hantarsu ya hau sosai, waɗancan kuwa ƙarin nasu ya fi tafiya ga tsoka. Bambancin yana ga nau'in man. Akwai mai mai daskarewa, irin su man shanu da bota da kitsen dabba da manja, waɗanda wajen rabinsu daskararren maiƙo ne, man kwakwar attagara ma ya fi haka nesa. Akwai kuma mai na ruwa, irin su man gyaɗa da man riɗi da man zaitun, man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daskararren ba. Ta wannan fuska girebar da tsofaffi ke yi da man gyaɗa ta riga ta fi biskit ɗin bota, wadda ta bar man gyaɗa ta koma bota don a ce ta waye, baya ta ci. Sai dai mai, ko wane iri ne, giram ɗaya kalori 9 ne, sama da ninki biyu na sukari ko gari. Shi ya sa gashi ya fi suya: cincin da dubulan da alkaki suna shan mai a kasko fiye da yadda mai suya ke zato, alkaki kuma a tsoma shi a ruwan sukari bayan haka.

Maganar fulawa gajeriya ce. Injin niƙa na zamani yana raba ƙwayar alkama uku, ya ware dusa da ɗan idon da ke tsira, ya bar farin garin tsakiya, wanda ke narkewa ya zama gulukos da sauri. Garin alkamar da aka niƙa da dusarta ya ninka farar fulawa wajen sau uku a harzar abinci mai rage gudun narkewa. Gireba kuwa ba burodi ba ce, ba ta bukatar danƙon alkama, rugurgujewa ake so ta yi a baki, don haka garin gero ko dawa ko acca yana shiga cikinta lafiya lau, muddin ba a surfe hatsin har ya yi fari tas ba. Garin aya ma yana da kyau, yana da ɗan zaƙinsa na halitta da harza mai yawa, mansa kuma ɗan'uwan man zaitun ne. Aibin irin wannan gari guda ne, ba ya ajiyuwa, yana saurin yin ɗaci a lokacin zafi, sai a niƙa na mako biyu.

Gyaɗa tana bukatar gargaɗi na musamman, tun da hanta ake magana. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, bincike ya kai ga ƙuli-ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil, daga nan aka gano dafin da ake kira afulatoksin, wanda wani irin fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Dafin nan yana jawo sankarar hanta, zafin tanda ba ya kashe shi, haɗarinsa kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami wannan ƙwaya a jinin wajen kashi 8 cikin 100 na manya. Saboda haka gyaɗar da za a sa a abincin mai lalura sai a tsince ta da hannu, a zubar da motsattsa da mai ɗaci da wadda launinta ya sauya, kada a sayi araha a niƙa ta gaba ɗaya. Duk wanda aka ce yana da kitsen hanta, ya kamata a gwada jininsa a ga ko yana da wannan ƙwaya, ya kuma nisanci jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da sunan wankin hanta, domin duk abin da aka sha, hantar ce dai za ta tace shi.

Yanzu a yi lissafi. A ɗauka uwargida kan kwaɓa fulawa giram 300 da man gyaɗa giram 150 da sukari giram 150, ta fitar da gireba 30. Ko wace ɗaya tana ɗauke da sukari giram 5, mai giram 5, kalori wajen 100. In za ta gyara, sai ta haɗa garin alkama mai dusa giram 150, garin gero giram 100, garin aya giram 50, ta sauke mai zuwa giram 100, sukari zuwa giram 75, ta fasa ƙwai ɗaya don ya kama ƙwaɓin tun da man ya ragu, ta sa citta da kirfa da ɗan gishiri. Ta rufe ƙwaɓin ya huta rabin sa'a don dusar ta sha ruwa, sa'an nan ta mulmula 30, ta danna riɗi a ka, ta gasa a wuta matsakaiciya, wajen digiri 175, minti 15 zuwa 20; wadda ba ta da tanda ta yi da tukunya da yashi bisa gawayi yadda aka saba. Wannan gireba za ta fito da duhu kaɗan, da ƙamshin gero, sukarinta giram biyu da rabi, rabin na farko. Amma kalorinta wajen 80 ne, watau kashi ɗaya cikin biyar kawai aka rage. Wanda ya ce ai wannan ta lafiya ce, ya ci huɗu, ya zarce wanda ya ci uku na tsohuwar. Biyu a zama ɗaya, sau biyu ko uku a mako, bayan an ci abinci, shi ne abin da ya yi kama da hankali, mai ciwon sukari kuwa sai ya daidaita da likitansa.

Sa'an nan a dubi kofin da ke gefen faranti. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana da sukari wajen giram 35, daidai da na gyararriyar gireba 14. Shayin da aka zuba wa cokali uku da madarar gwangwani mai zaƙi, ko zoɓo da kunun zaƙi irin na biki, sun isa su rushe duk wahalar da aka sha a madafa. Gahawa ba sukari ita ce abokiyar da ta fi dacewa, domin nazarce-nazarce da dama sun lura masu shanta ba su cika samun tabon hanta kamar marasa sha ba.

Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wani magani na musamman domin wannan cuta ba sai a watan Maris na 2024, shi ma domin waɗanda tabo ya riga ya kama. Ga sauran jama'a magani yana ga sikeli. A wani bincike da aka yi a Habana ta ƙasar Kyuba, aka buga a 2015, an bi mutum 293 masu kumburin hanta har shekara guda suna gyaran abinci da tafiyar ƙafa, aka gutsuri hantarsu aka duba a farko da ƙarshe. Cikin waɗanda suka zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, kumburin ya warke a wajen tara cikin goma, tabon ma ya ja baya a kusan rabinsu. Ko kashi 5 yana rage kitsen. Ga ma'aikacin da ke da kilo 90, wanda mota ke ɗauka daga ƙofar gida ta sauke shi a ƙofar ofis, wannan na nufin kilo huɗu da rabi a matakin farko, kilo tara a na biyu, a zubar da su a hankali, kada ya wuce kilo ɗaya a mako, tare da tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 sau biyar a mako.